Bishiyar Cibiyar Esinati

Joni, watan Nuwamba

Zuwa ga taubashina Aroni Kamanga,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka NyaManda da mai jego da baƙuwar da ta sauka. Ni lafiyata ƙalau, in ban da gwiwar nan ta hagu da ke ba ni labarin hadari tun kafin ya haɗu.

Aroni, na zama kaka! Ka karanta, ka sake karantawa, don da hannuna na rubuta, ba wani ɗan coci na roƙa kamar da ba. Makarantar yamman nan da kake yi wa dariya ta yi rana. Ina cikin yi wa wardi aski 'yata Lusungu ta bugo waya. Da ta ce mace ce, kuma za su sa mata sunan marigayiya, Esinati, sai ga almakashi a ƙasa, ni kuma a tsakiyar ciyawa ina taka rawar malipenga irin ta garinmu da takalmin roba. Uwar ɗakina Madam Fourie ta leƙo ta taga ta ce, "Yotamu, ƙudan zuma ne suka sake kama ka?" Na ce, "Madam, matata ce ta dawo!" Tsohuwa ta dafe ƙirji, sai da na nuna mata hoto hankalinta ya kwanta.

Da na kira ka a waya, amma kunnen nan naka da iskar tafki ta cinye sai da ihu, ni kuwa ba zan tsaya a bayan gidan mutane ina kwarara maganar gidanmu ba. Gondwe mai bas zai kawo maka wannan, tare da bargo da 'yan riguna na amaryata.

Ga maganar. Ka san al'adar gidanmu tun daga kakanmu Chiweyu: in cibiyar jariri ta faɗi, kakansa ne ke binne ta ya dasa bishiya a kai. Mangwaron bakin hanyar tafki nawa ne. Naka kuwa wanda tsawa ta raba biyu, shi ya sa ka fito haka. Yanzu layi ya zo kaina. Shekara talatin ina dasa wa mutane itatuwa a birnin nan na Joni, a ƙasar wasu, ana shan inuwarsu, ban taɓa dasa wa jinina ko tsinke ba. Don haka a adana mini cibiyar nan. Kada kowa ya taɓa fartanya. Hutuna sai Yuli kamar kullum, lokacin da sanyi ke kwantar da ciyawa. Yanzu kuwa damina ce a nan, kuma da damina mai lambu ba ya motsawa, kana juya baya ciyawa ta kai maka gwiwa.

Af, wani abin dariya. Deon, ɗan Madam da ke Ostareliya, ya aiko mata da injin yankan ciyawa mai tafiya da kansa. Kamar kunkuru yake, ba ya fin tire girma. Ba a tura shi, ba a ja. Ya fito ya yi ta rarrafe, in ya gaji ya koma ɗan ɗakinsa ya sha wuta. Madam ta raɗa masa suna Firiki. Na ba shi wata ɗaya.

Ka sumbace mini amarya a goshi, amma sau ɗaya tak.

Naka,
Yotamu Longwe


Chintheche, farkon Disamba

Zuwa ga Yotamu, wanzamin ciyawar Joni,

Mun sami takardarka da kaya, mun gode. Kowa lafiya. Lusungu ta warware, tana cin tuwon rogo kamar mai shirin kokawa. Kifin usipa ya yi ƙaranci bana, iska ta hana mu shiga ruwa yadda muke so.

Rubutunka ya yi kyau, na yarda. Da ka fara makarantar nan na ce wa NyaManda boko a tsufa shuka ce a kan dutse. Ga shi ka ƙaryata ni, kuma na san ba zan huta da jin labarin ba har in mutu.

Bari in ba ka labarin wadda kake kira amaryarka, tunda hoto kawai ka sani. Hoto bai nuna maka ɗan baƙin tabon da ke bayan kunnenta na dama ba. Hoto bai gaya maka cewa in ta fara kuka, uwar ta yi, NyaManda ta yi, ba ta shiru sai an ɗora ta a ƙirjina. Mata suna ta yi mini tsiya, wai yarinya ta riga ta zaɓi miji, mai ƙarnin kifi. Na ce ai ba laifina ba ne, ɗaya manemin yana can yana yi wa fure aski. Sumba kuwa na yi sau ɗaya a madadinka, sauran duk nawa ne.

Cibiya ta faɗi. NyaManda ta naɗe ta a ƙyalle ta sa a gwangwanin shayi a saman kabad. Amma Yuli, Yotamu? Kai da kake kiran kanka likitan itatuwa, wa ya taɓa yin dashe a Yuli a garin nan? Ƙasa ta bushe, awaki sun bazu, ba abin da zai kai labari. Ruwa ya sauka tun makon jiya, ƙasa ta yi laushi, yanzu ne lokaci. Kuma tsofaffin mata sun ce ba a barin cibiya ta daɗe a ɗaki.

Ka roƙi tsohuwar nan taka ta sake ka. Tunda an kawo kunkuru mai cin ciyawa, me ka tsaya yi? Bar shi ya yi kiwonsa, ka zo.

Ni ne taubashinka,
Aroni


Joni, bayan Kirsimeti

Zuwa ga Aroni,

Ina gaishe ku duka. Ina fatan kun yi biki lafiya. Ni jikina lafiya, amma raina a ɓace yake, kuma takardarka ta ƙara mini gishiri a ciwo. Tabon bayan kunne! Ai sai ka bari in gano shi da kaina.

Ka ce in roƙi Madam. To ban ma roƙa ba. Ranar Litinin ta kira ni baranda, ta zuba mini shayi da hannunta, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Yotamu, ka tafi gida ka ga jikarka. Ka yi wata biyu ma in kana so. Firiki zai kula da ciyawa."

Aroni, ka ji? Shekara talatin ina neman a bar ni in yi Kirsimeti ɗaya a gida. Marigayi maigidanta kullum amsarsa ɗaya: "Ciyawa fa, Yotamu? Wa zai yanke ta?" Ina jin haushi, amma in na koma ɗakina sai in ji wani daɗi, don na san gidan nan ba ya tsayuwa sai da ni. Yau an wayi gari ana cewa in tafi, in yi wata biyu ma, kamar ana korar kaza daga shanya.

Na ce, "Madam, na gode, amma ba ni da niyyar tafiya yanzu."

Ta cire tabarau ta dube ni. Ta ce, "Kai ba kai ne ka yi mini rawa a kan ciyawa ba?"

Na ce, "Ni ne. Amma Firiki bai san gefen rijiya ba, bai san inda saiwar bishiyar jakaranda ta ɗago ba."

Ta ce, "Ya sani. Deon ya koya masa ta waya."

Ta waya, daga Ostareliya! Abin da na sani da tafin ƙafata.

Ka san irin gatan da ake yi wa abin nan? An yi wa ɗakinsa rufi, an shafa masa koren fenti. Ni ɗakina yana yoyo ta kusurwa tun bara. Da safe Madam za ta fito da kofinta ta ce, "Ina yarona? Ka ga yadda yake aiki ba ya ƙorafi?" Na sa rai ranar da aka ɗauke wuta zai mutu a tsakiyar fili, ashe da hasken rana yake sha. Karnuka ma da suka yi masa haushi da farko yanzu bin sa suke.

Ba zan ɓoye maka ba, wata rana ya zo wucewa ta gefen ƙafata ina cire haki, sai na sa shebur na kifar da shi, in ga ko kunkuru zai iya tashi. Aroni, sai ya fasa ƙara! Kafin in ankara wayar Madam ta yi kuka, Deon ne, wai abin ya kai masa ƙara har can. Tsohuwar da ke tafiya da sanda ta fito a guje da silifas tana cewa, "Wa ya taɓa mini yaro?" Na ce ƙila dutse ya hau. Ranar da ƙudan zuma suka yi mini taron dangi har idona ya rufe, ta taga aka miƙo mini magani.

Kuma ba wasa ba ne. Ncube, ɗan Zimbabwe da ke aiki a gidan da ke kallonmu, an sayo irin wannan a gidansu, har da bututun da ke ba furanni ruwa da kansa in ya ji ƙasa ta bushe. Yanzu sau ɗaya yake zuwa a mako, ya share ganye ya tafi. An karɓe ɗakinsa an zuba kekuna. In na tafi wata biyu na dawo aka ga ciyawa ba ta yi kewata ba, me kake tsammani?

Ciyawar nan ni na dasa ta, gutsure gutsure, a kan jar ƙasa da buraguzan gini. Ba zan bar ta ga baƙon da ya zo jiya ba. Abin da mutum ya rena da hannunsa shi ne nasa, ba na wanda ya aiko da kaya daga nesa ba.

A ci gaba da adana mini gwangwanin. Zan san abin yi.

Yotamu


Chintheche, Janairu

Yotamu,

Muna lafiya, in ban da yarinya. Ba zazzaɓi ba ne, mun kai ta asibiti sun ce ciwon ciki ne na jarirai, zai wuce. Amma kuka take ba dare ba rana, ko ƙirjin nawa ya daina aiki. Lusungu ta rame. Matan unguwa duk wadda ta shigo sai ta ɗaga kai ta dubi saman kabad ta ce, "Cibiyarta ce ke neman ƙasa." Ni ban ce haka ne ba, ban ce ba haka ba ne. Amma uwar ta fara yarda, kuma ita ce ba ta barci.

Na karanta takardarka sau uku. An ba ka hanya ka ƙi, saboda kishi da kwanon ƙarfe. To, na ji.

Amma na gode da magana ɗaya da ka rubuta, don ka sauke mini nauyin da na daɗe ina ɗauke da shi. Ka ce abin da mutum ya rena da hannunsa shi ne nasa, ba na wanda ya aiko da kaya daga nesa ba. Ban taɓa tsammanin za ka faɗi haka da bakinka ba. Da Esinati babba ta rasu, Lusungu ko ɗaurin zane ba ta iya ba. Mu da Allah bai ba haihuwa ba, mu muka ɗauke ta. Ni na goya ta zuwa asibiti da ƙafa lokacin da sauro ya kusa kai ta. Ni na je makaranta na ba da haƙuri da ta fasa wa wata yarinya baki. Ranar aurenta kai ka aiko da kwat, ni na sa shi na tsaya. Ban taɓa yi maka gori ba, yau ma ba gori nake ba. Na ɗauka kana gaya mini ne a fakaice cewa ka san waye kakan yarinyar nan na hannu, kuma ka sakar mini.

In ba haka kake nufi ba, ka aiko da amsa a bas mai zuwa. In na ji shiru, zan ɗauki fartanya.

Aroni


Joni, farkon Fabrairu

Zuwa ga taubashina,

Gaisuwa da fatan alheri. Shiru na ji daga gare ka tun takardata ta bayan Kirsimeti. An ce bas ɗin Gondwe ya lalace a kan hanya, a garin Tete, da kayan mutane a ciki, ƙila amsarka tana can tana shan rana. Wannan ta hannun wata 'yar cocinmu zan ba da. Na tambayi Lusungu a waya ko kana fushi, ta ce, "Baba, maganarku ce ku biyu, kada ku sa ni a ciki." Na ji yarinya tana kuka a bayanta, ta ce ciki ne.

Aroni, ina zuwa! Na yanki tikitin Maris.

Ga abin da ya juya ni. Ranar haihuwar Madam ta zagayo. Ta sa an yi kek, ta sa rigarta mai kyau, ta zauna a baranda da waya a cinya, don Deon ya ce bana zai zo, daga baya ya ce aiki ya hana, zai dai kira. Ina ɗaure wake a jikin sanduna ina kallonta. Rana ta yi, rana ta karkata. Da ya kira, daga inda nake na ji rabin maganar a kan Firiki ce, wai a duba masa wuƙaƙe. Da ta ajiye wayar sai ga abin ya zo wucewa ta gaban matakala. Ta bi shi da kallo ta ce, "Ka san me ya sa nake ce masa yarona, Yotamu? Shi aka aiko mini a maimakon yaron." Ta yanko mini kek ta ce, "Mai kyau ne, ba ya gajiya. Amma ba ya cin kek."

Na koma ɗaki na ga kwalin da na fara tara wa amaryata kaya, takalma da 'yar tsana da wani bargon. Na daɗe ina kallon kwalin nan. Washegari na ce wa Madam in tayin nan yana nan, na karɓa.

Har yanzu ban so abin nan ba, kada ka ɗauka mun shirya. Kuma ina tsoron abin da zan tarar in na dawo. Amma gara in dawo in tarar an zuba kekuna a ɗakina da jikata ta girma ta san ni a kwali.

Akwai wani lemun tanjarin a bayan kicin da na rena tun yana tsinke, zaƙinsa kamar zuma, ba ƙwallo. Irinsa zan dasa mata. Kada ka gaya wa Lusungu, so nake ta gan ni kwatsam a bakin ƙofa. Ka goge gwangwanin nan, maigidansa na tafe.

Naka cikin murna,
Yotamu


Chintheche, ƙarshen Fabrairu

Yotamu,

Muna lafiya. Yarinya ta daina kuka, har ta fara dariya mai sauti.

Takardarka ta iso jiya. Ta makara. Na jira bas biyu, ban san tawa takardar tana kwance a Tete ba. Na ɗauka shirunka amsa ce. Na binne cibiyar ranar Asabar ta makon da ya wuce wancan.

Ba zan yi maka ƙarya in ce da baƙin ciki na yi ba. Na sa kwat ɗin nan naka. Na haƙa ramin a gabas da mangwaronka, inda rana ke fara sauka. NyaManda ta riƙe yarinya, Lusungu ta buɗe ƙyallen, ni na sa a ƙasa na ambaci sunan Chiweyu da na mahaifinka da na Esinati babba. Na ambaci naka ma, ka tambayi kowa. Ba ni da tanjarin ɗin Joni. Akwai wani lemun tsami da ya tsiro da kansa a bayan madafa tun bara, awaki sun ci shi sau biyu ya ƙi mutuwa. Shi na ciro na dasa, na kewaye shi da ƙaya. Ya kama, ya yi sabon ganye.

Da muka gama Lusungu ta ce, "Da Baba yana nan." Na ce, "Ai ga ni." Ta ce, "Ɗayan." Ka ga ko a ranar tawa ma sai da ka shigo ka tsaya a tsakiya. Duk wahalar da na sha, ni har yau "ɗayan" nake jin ana nema. Kai kana kishin kwanon ƙarfe na wata uku, ni na fi shekara ashirin ina kishin mutumin da ke zuwa da sanyi ya raba alewa ya tafi.

Ba za a tone ba, ka san wannan. Ka zo duk da haka. Ban gaya mata ba.

Aroni


Joni, Maris

Aroni,

Takardunka biyu sun iso mini rana ɗaya, ta Tete da ta bayanta. Ina lafiya, tunda al'ada ce a faɗa.

Maganar ciyawa nake yi, kai kuma ka ɗauke ta ka kai ta inda ta fi yi mini ciwo. Na kwana biyu ina rubuta maka amsa ina yagawa. Wasu kalmomin ma ba a koya mana su a makarantar coci ba. Abin haushin shi ne na nemi inda ka yi ƙarya ban samu ba.

Amma lemun tsami, Aroni? Duk itatuwan duniya, amaryata ka dasa wa abin da ake matsa wa kifi?

Ba sai ka amsa ba, zan iso kafin takardarka ta same ni. Ka dai duba mini: in kaurin jikinsa ya kai fensir, to kada ka bari kowa ya taɓa shi, ka yi ta ba shi ruwa. Kuma ka cire mini kwat ɗina.

Yotamu


Joni, watan Mayu

Zuwa ga taubashina Aroni,

Na iso lafiya, sai gajiyar hanya. Ina gaida NyaManda, ka ce mata har yanzu ina jin ɗanɗanon miyar ganyen rogon nan. Ina gaida Lusungu. Amaryata kuwa, na ga tabon bayan kunnen da idona, kuma akwai wani a ƙarƙashin ƙafar hagu da kai ba ka taɓa lura da shi ba. Je ka duba.

Har yanzu in na tuna fuskarka sai in yi dariya ni kaɗai. Da na zaro ɗan reshen tanjarin daga cikin jiƙaƙƙen tsumman da na ɓoye a gorar shayi, na fito da wuƙa na fille wa lemunka kai, ka yi tsalle ka ce, "Yotamu, ka kashe mini bishiya!" Ba kashewa ba ce, aure ne. Kai ka riƙe gindin, ni na tsaga shi na cusa reshen tanjarin na ɗaure. Saiwa taka ce, na yarda, ita ce ta san ƙasar nan, ita awaki suka kasa. Amma abin da yarinya za ta sa a baki nawa ne.

Ga labarin nan kuma. Na shigo da jakata na tsaya a bakin ƙofa. Aroni, ciyawar ta yi kyau. Zan faɗa sau ɗaya, kada ka sake tambayata: ta fi yadda nake barinta kyau. Kullum yana tsinkar kanta kaɗan kaɗan, ta yi laushi kamar darduma. Na zagaya ina neman inda ya yi kuskure har na gaji. Madam ta yi murna da ganina, ta tambayi yarinya, sannan ta ce sun yi magana da Deon. Kwana uku zan riƙa yi a mako: wardi, itatuwa, shinge, da wanke wa Firiki ciki. Ɗakina yana nan, an ma toshe yoyon. Albashi ya ragu, ba sai na faɗa ba, kwalaye za su yi ƙaranci. Sauran kwanakin ni da Ncube muna zagaya gidaje muna neman masu son a sassabe musu itace, don har yanzu ba a ƙera kunkurun da ke hawa tsani ba. Ncube ya ce in daina faɗa da ƙarfi, kada masu ƙerawa su ji.

Yanzu ka saurara, wannan umarni ne. Bayan wata ɗaya ka sassauta ɗaurin. Duk tohon da ya fito a sama da ɗaurin, nawa ne, ka bar shi. Duk wanda ya fito a ƙasa da ɗaurin, na tsamin ne, ka tsinke shi tun yana ƙarami. In ka bar shi zai shanye ruwan ya kashe na sama. Haka halinsa yake, kamar mai shi.

Naka,
Yotamu


Chintheche, Satumba

Zuwa ga Yotamu,

Muna lafiya ƙalau. Kifi ya dawo. Esinati ta yi haƙora biyu, tana rarrafe, kuma in aka sake ta ba inda take nufa sai wajen bishiyar nan, sai mun tare ta saboda ƙaya.

Aurenka ya kama. Reshe uku ya fitar a sama, ganye kore shar. Ina ɗebo masa ruwa daga tafki safe da yamma, mutane suna cewa Aroni ya tsufa ya koma bawan lemo.

Ƙasa da ɗaurin ma an yi toho, guda huɗu. Na tsinke uku kamar yadda ka ce. Na huɗun na sa hannu, sai na ga yadda ya miƙe, da ƙayarsa da komai, bai roƙi kowa ba. Na bar shi. Yanzu ya kai tsawon hannun yarinyar.

Na san abin da za ka ce. Amma saiwar da ke ƙasa ba mai ganinta, Yotamu. In yarinyar nan ta girma ta tsinki mai zaƙi, za a ce mata na kakanki ne na Joni. To ni ma ina son reshe ɗaya da za a nuna. Kifi ba ya ciyuwa da tanjarin.

Ba zan tsinke ba. In kana so a tsinke, ka zo ka tsinke da kanka.

Aroni


Joni, Oktoba

Aroni, ɓarawon ruwa,

Ina lafiya, ina gaida kowa.

Na san za ka yi haka tun ranar da na ga yadda ka riƙe gindin nan. Kada ka tsinke. Amma kada ka kuskura ka bar shi ya wuce nawa tsawo. Reshe irin wannan sai an tsaya a kansa duk damina ana rage masa kai, in ba haka ba ya cinye bishiyar, kuma wannan ba aikin masunci ba ne.

Na gaya wa Madam zan tafi a Disamba, kuma haka zan riƙa yi duk shekara. Ta ce, "Ciyawa fa, Yotamu?" tana dariya. Na ce a tambayi yaronta.

Ka gaya wa amaryata mijinta na gaskiya yana tafe da almakashi. Kai kuma ka matsa, ƙirjin nan naka ya huta haka.

Naka,
Yotamu